Na Je Birni Karɓo Hoton Malam

Wa Malam ya ɗaga wa hannu ranar nan a bakin shataletale? Ni ce, ko wani ya hango a tsallaken titi? Na je birnin da ƙafata, na tsaya a daidai inda ya tsaya, na dawo, kuma har yau ban san amsa ba.

Tun da na dawo matan unguwarmu suka hana ni sakat. Wannan ta yi sallama ta ce, "Hajo, yaya birni?" In ɗauko daga farko, ina tsaka da ba ta sai wata ta shigo, a ce in koma baya. Shekaranjiya har tuwona ya kama. Shi ya sa na roƙi Malama Rabi, maƙwabciyata mai koyarwa a firamare, ta zo da biro da takarda, don ni ban yi boko ba. Na ce mata in na yi kuka ta ajiye biro ta jira ni, in na yi dariya ma ta jira ni. Duk wadda ta sake tambayata, Malama ta karanta mata.

Sai na fara da Malam, Allah Ya jiƙansa, don ba don shi ba me zai kai ni birni.

Shekara arba'in da shida muna tare a nan ƙauyenmu na gefen Kunci, kuma ba ni da hotonsa ko ɗaya. Ba ya yarda a ɗauke shi. Yayansa ne ya taɓa ɗaukar hoto da samartaka, ya tafi cirani kudu, bai sake dawowa ba. Tun daga nan Malam ya tsani hoto. Ɗan ƙaramin da ke jikin katin zaɓensa ma, katin ya zame daga aljihu ya faɗa rijiya yana jan guga, ya ce alhamdu lillahi, bai sake yin wani ba. Da wayoyi suka zo, ranar suna ko biki duk wanda ya ɗaga waya sai Malam ya sauke hula ya rufe fuska. Hoton hular nan kam muna da shi da yawa. Ni kuwa kullum ina yi masa naci, ina cewa, "Malam, in ka riga ni, me zan riƙa kallo?" Sai ya ce, "Ki kalli Auwalu, ai hancina ne a fuskarsa." Auwalu shi ne babban ɗanmu.

Gab da faɗuwar damina muna zaune a tsakar gida muna jin rediyo, aka ce an kafa kyamarori a kan sanduna a manyan titunan birni, suna kallon kowa, wai don ɓarayi. Malam ya ce aikin banza ne, abin da ba shi da ƙafa ta yaya zai bi ɓarawo. Na ce to kai dai ka shiga uku, ran da ka je birni sai sun ɗauke ka, da kai da hular. Muka yi ta dariya. Bayan kwana uku ya tafi birni sayen wani ƙarfe na injin ban ruwansa. Bai dawo da ƙafarsa ba. Jiri ya kwashe shi a bakin wani shataletale, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Malama, dakata tukuna.

To. Auwalu ne ya je ya ɗauko shi. Bayan sadakar uku yake ce mini, "Inna, kin san a gindin sandar kyamarar nan Baba ya faɗi?" Wallahi ina cikin hawaye na ji wani abu ya yi tsalle a ƙirjina. Ashe akwai hotonsa. Auwalu ya ce bari ya biya ya tambayo kafin ya wuce Legas wurin aikinsa. Na ce a'a, ni zan je da kaina. Ya ce, "Ai kina takaba." Na ce in na fita na je, hoto ne fa, ba nono ba, balle ya yi tsami. Kowa ya ce gaskiya ne. Har Talatu, ƙanwar Malam, wadda ba ta taɓa yarda da maganata ba tun ranar da aka kawo ni gidan nan, ta ce, "Abin gwamnati ne, a akwatin ƙarfe suke ajiyewa. Ko shekara nawa yana nan."

Wata huɗu da kwana goma na zauna. Aka yi shuka, aka yi noma, gero ya yi kai, ban leƙa ƙofar gida ba. Abin da ya riƙe ni shi ne sanin cewa akwai wani ɗaki a birni, Malam yana ciki yana tafiya.

Ranar Litinin ta bayan fitata takaba muka kama hanya ni da Talatu. Ita ta ɗora wa kanta rakiyar, wai ta san birni ciki da waje tunda 'yarta Binta tana aure can. Na ɗaura ƙullin daddawa da kuka saboda Binta. Sannan na kama zabuwata mafi ƙiba, na ɗaure mata ƙafa da tsumma na sa a kwando, don ba a zuwa wurin mai hukuma hannu biyu. Talatu ta ce, "Matar Yaya, ofis fa za mu, ba gidan sarkin noma ba." Na ce ofis ɗin ba su cin nama ne?

Ku da ba ku yi takaba ba, Allah Ya daɗe bai kai ku ba, ba za ku gane yadda na ji da motar nan ta tashi ba. Kamar ɗan maraƙin da aka kwance. Dawa ta tsaya ƙiƙam hagu da dama, ana ta yankan gero, ni kuwa duk wanda muka wuce sai na leƙa ta taga na ce masa sannu da aiki. Mai jaki, sannu. Masu roron wake, sannunku. Talatu ta ce in mayar da kaina ciki kafin reshe ya tafi da ɗankwalina. Direba ya ce, "Ki bar Inna, yau ita ce gwamna, tana zagayen ƙasa." Mu huɗu aka cusa a kujerar baya, ga kwando a cinyata, ga gwiwar wani mai albasa a haƙarƙarina, ban ma ji ba.

A Bici muka sauka muka shiga wata motar. Talatu ta sayo mana ƙosai mai zafi, muka ci, zabuwa ta zuro kai ta ramin kwando ta fizge na hannunta. Tun daga nan suka ƙulla gaba.

Kafin a shiga birni akwai shinge, inda masu kaki suke tsayar da motoci. Wani dogo ya leƙo ya ce, "Mama, me ke cikin kwando?"

Na ce, "Zabuwa ce, ɗana."

"Ina za ki da ita?"

To tunda hukuma ta tambaye ni, ai ba na ɓoye mata komai ba. Na ɗauko masa daga yayan Malam da ya tafi kudu. Na zo kan katin da ya faɗa rijiya. Direba ya kifa kai a sitiyari, na baya suna ta danna mana ham, Talatu tana mintsinina a cinya. Shi kuwa dogon nan bai katse ni ba. Da na kai ƙarshe ya cire hularsa ya ce, "Allah Ya jiƙan Baba. Allah Ya sa ki samu." Ya buga jikin mota muka wuce. Direba ya ce shekara da shekaru yana bin hanyar nan, bai taɓa ganin an cire wa motarsa hula ba.

Muna shiga gari Talatu ta fara nuna mini kyamarori. "Ga ɗaya can. Ga wata." Na gyara mayafi ina gaisawa. Sai wata mata a kujerar gaba ta juyo ta ce, "Hajiya, wannan fitilar titi ce. Waccan kuma lasifikar masallaci." Da muka zo wata mararraba ta nuna mini ta gaskiyar: wani baƙin abu kamar ƙoƙo a kife, can sama a wuyan sanda. Na ce, "Sannunku da aiki." Shiru. Mu a gida wanda ya kalle ka sai ya gaishe ka, ko kuwa a ce yana da wani nufi. A birni an kafa abu yana kallon mutane tun safe, ba sallama ba sannu, kuma ba wanda ya damu. Ni dai duk sandar da muka wuce na gaishe ta, don ban san wacce ce take riƙe da Malam ba.

Binta tana zaune a hawa na uku na wani bene. Na hau matakala ina tsayawa ina salati, na ce wa Binta in wuta ta kama a nan ai sai dai mutum ya yi fiffike. Ta kunna murhun da ba itace ba gawayi, wuta shuɗiya ta tashi fuu, na ja da baya har na taka ƙafar Talatu. Kafin in idar da sallar la'asar wai abinci ya dahu: wata taliya mai murɗe-murɗe da ƙwai a kai. Da daɗi, ba zan yi mata ƙarya ba, amma kafin magariba cikina ya manta da ita. Masai kuwa kujera ce fara, ta fi kwanon cin abincina haske. Na daɗe tsaye ina kallonta. Wannan Malama kada ki rubuta sauran.

Abin da ya fi ba ni mamaki ƙofofi. Ƙofar Binta tana kallon ta maƙwabciyarta, taku biyu tsakani, da rana tsaka duk a kulle. Na ce wace ce a ciki? Binta ta ce ba ta san sunanta ba, shekararsu biyu. Na ce to in kin rasa gishiri fa? Ta yi dariya. A saman ƙofar gidan ma akwai kyamara, ta mai gida. Na ɗaga mata hannu, Binta ta ce, "Inna, kada ki wahalar da kanki, wannan ta daɗe da mutuwa, don tsoratarwa aka bar ta." Na ce ashe mutum-mutumin gona ce. A nan gabana ya ɗan faɗi, amma na ce ta gwamnati daban.

Da gari ya waye zabuwa ta buɗe maƙogwaro a baranda. Kun san kukan zabuwa. Sai ga bugun ƙofa, maƙwabciyar nan ce da hannu a ƙugu. Ta gan ni tsohuwa, faɗan ya maƙale, ta durƙusa ta gaishe ni. Sunanta Sa'a, mutuniyar Zakirai ce, har ta kawo mini koko da na yi ƙorafin shayi. Na ce wa Binta to ga shi, abin da kika kasa a shekara biyu zabuwata ta yi a safiya ɗaya.

Muka hau adaidaita sahu mu uku. Talatu ta ce a yi dama, a yi hagu, sai ga mu a bakin kasuwar 'yan katako. Binta ta ce, "Umma, don Allah ki yi shiru," ta karɓi jagora. Ofishin da ake kallon kyamarorin yana cikin wani gida mai katanga da ƙofar ƙarfe. Mai gadi ya ce mu za mu shiga, dabba ba za ta shiga ba. Na ce ba dabba ba ce, gaisuwa ce. Na buɗe kwando in nuna masa ƙibarta. Ashe tsumman ya kwance. Ta tashi fir ta saman kansa, hularsa ta faɗi, ta dira cikin gidan, ni na bi ta, Talatu ta bi ni tana cewa a bar ta ta tafi la'ananniya, mai gadi ya bi mu duka. Muka zaga motoci, muka zaga tanki, zabuwa ta ɓace.

Muna tsaye muna haki sai ga wata mata cikin kaki ta fito tana dariya har da riƙe ciki. Ta ce sunanta Asabe, tun daga ƙofa take kallonmu. Na ce daga ina? Ta ce, "Zo ki gani, Inna."

Ɗakin sanyi kamar cikin randa. Na tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta ce in mayar. Bango guda talabijin ne, a jere a jere, kowace da titinta, motoci ƙanana kamar tururuwa. Asabe ta zauna ta taɓa wani abu, sai ga ƙofar da muka shigo. Sai ga wata tsohuwa tana gudu tana rangaji kamar agwagwa, mayafi yana jan ƙasa.

Na ce, "Wace ce wannan baiwar Allah?"

Talatu ta ce, "Ke ce mana!"

Wayyo dariya. Asabe ta mayar da abin baya, sai ga mu muna gudu da baya, hular mai gadi ta tashi daga ƙasa ta hau kansa, zabuwa ta koma cikin kwando da kanta. Na ce a sake. Aka sake. Na ce a sake. Talatu ta zauna a ƙasa tana share hawaye. Rabona da dariya irin wannan tun ranar rediyon nan. Sannan Asabe ta bi zabuwar a hankali, daga wannan talabijin zuwa waccan, har muka ga ta shige bayan janareta. Aka je aka kamo ta a can kuwa.

Zuciyata ta cika. Na ce a raina abin da bai rasa zabuwa ba, ina zai rasa Malam, mutum dogo da farar riga. Na gyara zama na ba Asabe labari, wannan karon a gajarce don Talatu tana harara ta. Binta ta faɗi sunan shataletalen. Asabe ta ce akwai kyamara a can. Ta ɗora hannu a kan abin taɓawar ta ce, "Yaushe ne, Inna? Satin da ya wuce?"

Na ce, "Kafin ruwan farko. Ranar Laraba."

Ta janye hannunta. Ta juyo da kujerarta ta fuskance ni.

"Inna, kin san allo?"

Na ce na sani mana.

"In ya cika, sai a wanke a rubuta sabo. Haka na'urar nan take. Wata guda take riƙewa, sai ta wanke na baya. In da wani ya zo mana a cikin watan, da mun cire mun ajiye miki."

Na yi lissafi a raina. Wato ranar da muke dakan gumbar sadakar arba'in, ina cewa mata su yi haƙuri da kukana, Malam yana birni yana jirana, ashe an riga an wanke shi.

Na ce, "To ina ruwan?"

Ta ce, "Wane ruwa, Inna?"

"Ruwan wankin. Mu in an wanke allo ba a zubarwa. Ku ba ni ko a kwalba ne."

Ta sa bakin hijabinta ta rufe fuska. Talatu da ta ce akwatin ƙarfe ne, ta riƙe hannuna tana cewa, "Ni na ce miki yana nan. Ni na ce." Na ce ba ke ba ce, Talatu. Malama, ajiye biron.

Da muka natsu sai na lura wasu talabijin ɗin baƙaƙe ne, ba komai a ciki. Asabe ta ce wata batirinta ya mutu, wata an sace wayarta, wata tun da aka kafa ba ta taɓa kawowa ba. Ta ce a satin nan ma aikin da aka ba ta ke nan, ta rubuta wa na sama ko kyamarorin suna da amfani. Ta ce ba a banza suke ba: kwanan baya an sace wa wani adaidaita sahu, ya zo a ranar, aka bi shi titi titi har aka gano inda aka shiga da shi. Na ce Allah Ya ƙara. Ta ce, "Ke me kika gani, Inna? Zan rubuta." Na ce bari in ga wurin tukuna.

Ta buɗe mini shataletalen. Kyamara biyu ce a sandar. Ɗaya sararin sama kawai take nunawa, iska ta juya mata wuya tun farkon kafa ta. Ɗayar tana kallon bakin titi, ga wani benci, ga tayoyi a jibge, ga wani tsoho a sunkuye. Asabe ta sa yatsa a kansa ta ce, "Baba Modu ke nan, mai faci. Ku je wurinsa. Mu ma in namu ya gaza, shi muke tambaya." Na miƙa mata zabuwa, ta ce dokar aiki ta hana, ta karɓi lambar Binta.

Baba Modu Babarbare ne, ya ce tun yana saurayi ya zo daga Barno, a gindin wurin nan ya tsufa, sandar ce ta same shi. Na fara, "Wani dogo, farar riga, kafin ruwan farko," ya ajiye ƙarfen hannunsa.

"Mai ƙarfen inji a leda? Ke ce iyalinsa? Allahu akbar. Zauna, Hajiya. Nan, a nan ya zauna."

Na zauna a bencin.

Ya ce Malam ya zo ya yi masa sallama, ya nuna sama ya ce wannan ce mai ɗaukar hoton? Ya ce masa ita ce. Ya ce tana aiki kuwa? Ya ce masa waccan dai Allah take kallo, amma wannan tana yi. Sai Malam ya ba shi ajiyar ledar, ya kakkaɓe riga, ya gyara hula, ya je ya tsaya.

"Haka ya tsaya," in ji Baba Modu. Ya miƙe ya je gindin sandar, ya ture hula baya kaɗan, ya sauke kafaɗar hagu, ya ɗaga hannun dama, yana dariya da gefen baki.

Jama'a, tsayuwar Malam ce. Kafaɗar nan da ta karye tun faɗowarsa daga kan rumbu, ba wanda ya gaya wa Baba Modu. Gajere ne baƙi, Malam dogo, amma na ga mijina tsaye a bakin titi. Talatu ta ce, "Yaya!" ta toshe baki.

Ya ce daga nan Malam ya dawo ya ce jiri yake ji, ya zauna. Ya ba shi ruwa a buta ya sha. Sai ya sulale. Baba Modu ya tallafe masa kai ya yi masa kalmar shahada, Malam ya amsa, sarai ya ji da kunnensa. Wannan ban sani ba sai ranar. Wata huɗu ina tsoron tambaya.

Na ce, "Baba, da ya ɗaga hannun, sama yake kallo, ko wani ya gani a tsallake?"

Ya ce, "Hajiya, ba zan yi miki ƙarya ba. Na ga hannu, na ga dariya. Ido kuwa, ya ba ni baya rabi, ga motoci. Ban sani ba."

Na ba shi zabuwar. Ya ƙi, na ce in bai karɓa ba Talatu za ta yanka ta da gayya. Ya karɓa.

Sannan na tashi na je gindin sandar. Na gyara mayafi, na tsaya a inda ya nuna, na ɗaga hannu. Masu wucewa suna kallona, ban damu ba. Sai wayar Binta ta yi ƙara. Asabe ce. Binta ta kara mini a kunne, ta ce, "Na gan ki, Inna. Kin yi kyau." Na ce to ga abin da za ki rubuta wa na sama. Ki ce abin nasu yana gani, na shaida, ya ga zabuwata. Amma wanda ya zo da wuri yake yi wa aiki, kuma ba a gaya mana ba. Rediyon da ya ce an kafa, me ya hana shi cewa wata guda ne? Ki ce akwai matan da ba sa fita sai bayan wata huɗu da kwana goma. Ki ce a juyo da wuyan waccan, sama ba ta buƙatar mai gadi. Kuma ki ce a yi wa Baba Modu rumfa, rana tana dukansa. Ta ce duk za ta rubuta. Ko ta rubuta, ko an karanta, ban sani ba. Ta ce in ina so za ta cire nawa hoton ta ajiye. Na ce a'a, ki bar shi, in watan ya cika a wanke ni, in bi inda Malam ya bi.

Washegari muka dawo. A shinge ba dogon nan ba ne, na ji daɗi, don ban san me zan ce masa ba. Talatu ta yi barci a kafaɗata tun daga Bici. Yanzu in ta zo gidan nan sai ta ture ɗankwali baya, ta sauke kafaɗa, ta ɗaga hannu, mu yi dariya, mu yi kuka. Ba ta iya kamar Baba Modu ba.

Kowa yana tambayata me ya sa ban bar Auwalu ya je ba tun a satin farko. Auwalu da kansa ya tambaye ni a waya. Ban gaya wa kowa ba, amma Malama ki rubuta, in huta. Da safen da Malam zai tafi birni na raka shi zaure da ledarsa. Na ce masa ya kula da kyamarori. Ya riga ya sa ƙafa ɗaya a waje, ya juyo yana dariyar nan ta gefen baki, ya ce:

"To uwar naci, yau zan tsaya su ɗauke ni. Amma ba aike. Ke za ki je ki karɓo da kanki."